Ka Zo Ka Ɗauki Firintar Nan

Samaru, Zariya,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa ga ɗanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake na san lafiyarka ƙalau, tunda ɗazu da safe na ga ka cinye ƙosai tara ka kuma leƙa kwanon koko. Allah Ya tsare ka a inda za ka, Ya tsare idonka da hannunka, Ya raba ka da mugun abokin ciniki da muguwar wutar lantarki.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taka. Babanku ma ya yi. Cewa ya yi, "Hajara, yaron nan fa Sabon Gari zai koma, ba Makka ba. Keke ɗaya ne." Na ce masa ya ji da rediyonsa. Kai ɗan fari ne, ban saba zaunar da kai in dubi idonka in yi maka dogon zance ba, haka aka tashe mu. Amma shekara ashirin da ɗoriya ina buga wa mutane abin da suke son faɗa, yau dai bari in buga nawa.

Ga maganar. Jibi Asabar za ka kwashe kayanka ka koma Jushi wajen ƙanin babanku, ka buɗe naka shagon buga takardu a Sabon Gari. Wannan ba laifi ba ne, namiji mai shekara ashirin da shida ya isa ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya hana ni sakat shi ne yadda za ka tafi. Tun ranar da na yi maka tsawa a shago gaban ɗalibai, yau kwana goma sha shida ke nan, ba abin da ke haɗa ni da kai sai "ina kwana, Umma" da "sannu da gida, Umma". Na ce ka ɗauki firintar nan mai kala, ta kusa da taga, ka fara aiki da ita. Ka sunkuyar da kai ka ce, "A bar ta kawai, Umma, na gode." Ni na haife ka, na san irin wannan godiyar. Ba na so ka fita gidan nan da fushina a ranka, kuma ba na so ka fita ba tare da firintar nan ba.

To tunda ba ka son magana, zauna ka karanta. Zan ba ka labarin kurakuraina a kan abu guda da na ɗauka na fi kowa sani a Samaru, wato yadda ake zaɓa wa na'ura irin bugun da za ta yi. Ka san duk lokacin da za a buga abu, kwamfuta kan ba da zaɓi uku. Akwai diraf, na gudu, na'ura ta yayyafa tawada kaɗan ta wuce, kafin ka yi atishawa takarda ta fito. Akwai bes, inda take tafiya a hankali kamar babanku in an aike shi kasuwa, tana zuba ɗigo a kan ɗigo har sai komai ya fito tar. Sai nomal a tsakaninsu. Na san ka san wannan, har lambobin da ke ƙarƙashinsu ka fi ni sani. Abin da ba a rubuta a allon kwamfutar ba shi ne wanne ya dace da wane aiki, kuma ni da kunya na koye shi.

Lokacin da na ajiye tafireta na sayi kwamfuta ta farko, kana firamare, ba abin da ya burge ni kamar diraf. Ni da na saba kwana biyu ina ƙwanƙwasa furojet ɗin ɗalibi ɗaya, wato bincikensa na gama karatu, ga na'ura tana amayar da shi kafin shayina ya huce, ga tawada kuma ba ta ƙarewa. Sai na ɗora komai a kai. Wasiƙa diraf, takardar neman aiki diraf, katin suna diraf. In mutum ya ce rubutun ya yi haske, in ce idonsa ne, ya je a duba shi.

Ana haka wata rana Malam Tanimu ya zo daga Bomo, wani manomi da ke kawo mana masara. Akuyarsa ta ɓace, mai tsohon ciki, ja ce mai farin tabo a goshi da ƙafar gaba ɗaya fara. Wani ɗalibi da ke haya a gidansa ya taɓa ɗaukar ta hoto, shi ya ba shi shawara a buga cigiya a manna a gari. Na sa hoton, na rubuta cewa akwai tukuici ga wanda ya gan ta, na danna diraf, baƙi da fari, guda ashirin. Suka fito fuu. Malam Tanimu ya ɗaga ɗaya, ya matso da ita kusa da hancinsa, ya nisanta ta, ya ce, "Hajiya, wannan akuyan nawa ne kuwa?"

Na ce, "Ita ce mana, Malam. Ƙirga ƙafafun ka gani."

Ya ƙirga, huɗu ne, ya tafi. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo, hula a hannu, gumi har wuya. An kawo masa awaki biyar da tunkiya ɗaya. Wani kuma ya tare shi a hanya ya ce ya ga karen nasa a bakin rafi. Mafi muni, wasu masu son tukuici sun kwance akuyar maƙwabcinsa sun jawo masa har gida, maƙwabcin ya biyo sawu ya tarar da ita ɗaure a turken Malam Tanimu, ya kai ƙara wurin mai unguwa. Ni ma sai da aka kira ni shaida. Mai unguwa ya karɓi takardar tawa, ya duba, ya juya ta sama ta koma ƙasa, ya sake dubawa, ya ce shi dai a iya ganinsa wannan benci ne. Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar aka sasanta su. Akuyar daga baya ita ta dawo da ƙafarta, da 'ya'ya biyu a bayanta, takardata ba ta taimaka mata da komai ba.

Saboda haka in an kawo maka hoto, kafin ka taɓa komai ka tambayi mai shi me ake so a gani a ciki. Duk abin da ya raba akuyar Malam Tanimu da awakin duniya tabon goshin nan ne da farar ƙafa, su kuma diraf ya fara haɗiyewa. Ƙananan abubuwa yake zubarwa don ya yi sauri. In ƙaramin abin shi ne dalilin bugun, ka ba na'ura lokacinta, ko da mai aikin na buga ƙafa.

Kai ka san halina, ba na tsayawa a tsakiya. Daga gidan mai unguwa na dawo na rantse ni da diraf har abada, na mayar da komai bes. Ko lambar waya mutum ya ce in buga masa, sai ta fito kamar za a rataya ta a falo. Wata biyu ina wannan alfahari, sai Allah Ya kawo Malam Shehu, hedimastan wata firamare mai zaman kanta a Jama'a. Ƙarfe bakwai da rabi na safe ya iso a kan babur, jarabawar lissafi ƙarfe tara, yana son takardar tambayoyi guda casa'in. Lokacin ba mu sayi injin fotokwafi ba, firinta ce komai. Na ce masa ya zauna ya ga aiki.

Bai zauna ba. Tsayawa ya yi a kan na'urar yana kallon takarda ta farko tana fitowa layi bayan layi. In tambaya ta leƙo sai ya karanta ta da ƙarfi, ya ba da amsa, ya jira ta gaba. Ya gama jarabawar duka shi kaɗai takardar ba ta gama fitowa ba. Ya dubi agogo ya ce, "Hajiya, na'urar nan ba ta da lafiya ne?" Na ce lafiyarta lau, inganci take yi. Ya ce, "Bakwai sau takwas fa hamsin da shida ne, ko da inganci ko babu." Ina jin gaskiyarsa amma na ƙi canzawa, don kada ya ce shi ya koya mini aikina. Muna kan ta talatin aka ɗauke wuta. Na ja janareto, ya yi tari sau biyu ya kwanta.

Haka bawan Allah ya kwashi talatin ɗin ya hau babur ko sallama babu. Yara uku uku suka haɗa kai a kan takarda ɗaya, kai kuma ka san abin da ke faruwa in yara uku suka haɗa kai. A zangon nan ba wanda ya faɗi lissafi a makarantar, ba kuma uban da ya yarda da sakamakon ɗansa. Malam Shehu bai sake taka shagona ba. Har yau in muka haɗu a kasuwar Samaru yakan gaishe ni da mutunci, sannan ya dubi agogonsa.

Ka riƙe wannan. Rubutu zalla ba ya buƙatar bes. Baƙi a kan fari, in dai ana karantawa ba tare da an matse ido ba, ya gama aikinsa. Abin da za a karanta sau ɗaya a yar, kamar tambayoyin jarabawa ko sanarwar taro, diraf ya ishe shi in haruffan manya ne, in ƙanana ne ka sa nomal. Kuma a garin nan, duk aikin da ka ja shi da tsawo, kana yi ne kana caca da masu wuta. In mutum ya ce maka ƙarfe tara, ka buga guda ɗaya ka duba agogo, ka lissafa ko za ka kai, tun kafin ka yi masa alkawari.

Da mai hankali ce ni da na tsaya nan. Amma sai na ce ai laifin rubutu ne, a kan hoto dai bes ba ya kuskure. Ka san Mama Rifkatu, ƙawata tun muna koyon tafireta a Sabon Gari, wadda ke kawo mana cincin duk Kirsimeti. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu. Za su yi babban taronsu na shekara, ta kawo mini tsarin taron da waƙoƙin da za su rera, da hoton shuɗiyar kurciya a shafin gaba. Ta ce, "Hajara, ki yi mini shi da kyau, matan Kafanchan za su zo, ba na so su raina mu." Na ce ta bar mini. Wannan karon na fara da wuri, ba wanda ke tsaye a kaina. Na sa bes, na ƙara wa kala ƙarfi, amma a kan takardar nan sirara ta yau da kullum, wadda muke buga wasiƙa da ita. Suna fitowa da ɗan danshi ina jera su kan juna, na danne, na ƙulle a leda don kada ƙura ta taɓa. Har na yaba wa kaina da tsafta.

Ranar Litinin ina buɗe shago sai ga Rifkatu, sanye da farar rigar zumunta, abin da ba ta saba sawa ranar aiki ba. Ta tsaya a gabana ta buɗe mayafinta ta ce, "Karanta."

Na duba. Rubutu ne layi layi a ƙirjin rigar, amma a juye. Na ce, "Ai ba ya karantuwa."

Ta ce, "Kawo madubi, zai karantu. Baiti na biyu ne."

Ashe ranar taron an yi zafi, coci ya cika, fanka ba ta aiki. Mata na waƙa suna rungume takardar a ƙirji, wasu na fifita da ita, wasu na share gumi. Tawadar da takarda ta kasa shanyewa ta sami inda za ta zauna. Kafin a kai rabin taro duk fararen riguna sun zama allo. Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta fita da kurciya a goshi, ba wanda ya iya gaya mata sai da ta isa tasha. Rifkatu na ba ni labari tana faɗa, can sai dariya ta ƙwace mata, muka zauna a benci muna yi har da hawaye. Amma riguna goma sha ɗaya na wanke da hannuna a makon nan, biyu ba su fita ba. Zumuncinmu ne ya yi ƙarfi, da wata ce da tuni mun raba gari.

Abin da na koya shi ne bes ba ya tafiya shi kaɗai, da takardarsa yake tafiya. Tawada mai yawa sai takarda mai kauri ko mai sheƙi. Kuma akwai wurin da ake gaya wa na'ura irin takardar da aka sa mata, kada ka yi mata ƙarya, don da abin da ka faɗa take auna tawadar. In aikin ya fito, shimfiɗa shi ɗaya ɗaya ya sha iska. Ka buga guda na gwaji, ka jira kaɗan, ka murza da babban yatsa. In yatsan ya yi baƙi, to rigar wani ce ka ceta.

Daga kan rigunan nan ne na koma gidan jiya, har ɗalibai suka sa mini Hajiya Diraf, suna tsammanin ban sani ba. Kuma a gaskiya aikin Samaru ya fi son haka. Ɗalibi zai kawo furojet, ya kai wa malaminsa, malam ya yi masa wanka da jan biro, ya dawo a gyara, a sake bugawa, sau biyar sau shida. Wanda ya buga na farko a bes ya yi wa jan biro kwalliya ne kawai. Diraf har sai malam ya sa hannu, sannan a yi na ƙarshe da kyau. Takardar da za a ajiye a ƙasan akwati kuwa, ta gona ko ta haya, kada ka kuskura ka yi ta da haske, don wata rana jikoki za su buɗe ta gaban alƙali. Sannan na'ura ba ta mantuwa, abin da ka sa wa mutumin da ya wuce shi za ta yi wa na gaba in ba ka duba ba. Na taɓa buga wa wani hoton fasfo a kan saitin mai jarabawa, ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce in ya mutu a yi amfani da shi.

Kai ma kana da naka, kada ka ga ina tona kaina ka ɗauka kai waliyyi ne. Kana da son kyau fiye da kima. Na sha ganinka kana gyara gefen takarda minti goma alhali mai ita ƙunshe gyaɗa zai yi da ita gobe. Sabon Gari ba Samaru ba ce. Can 'yan kasuwa ne, mai kayan mota da mai magani da mai katako, ƙafarsu ɗaya a shagonka ɗaya a nasu. In ka tsaya yi wa rasit ado za ka ji an ce, "Oga, na receipt I want, no be wedding picture," wato rasit yake so, ba hoton biki ba. Ka koyi sauri inda sauri ya isa, wannan kam ni ce malamarka, ko ka so ko ka ƙi.

Yanzu sai ranar Talatar da na yi maka tsawa. Makon miƙa furojet ne, shago ya cika har baranda, kowa na cewa nasa ƙarfe biyu za a rufe karɓa. Kana kan firinta mai kala da aikin wata ɗalibar aikin gona, Murja, 'yar siririya mai tabarau, wadda ta yi bincike a kan cutar ganyen gyaɗa. Shafukan rubutu ka buga su a nomal, suka wuce da sauri. Da ka zo kan hotunan ganye goma sha biyu sai ka canza takarda zuwa mai kauri, ka sa bes, kana shimfiɗa su ɗaya ɗaya a kan benci. Layi ya tsaya cak. Wani ya ce, "Hajiya, wallahi time na tafiya fa." Wata ta ce za ta koma shagon gaba. Kaina ya ɗau zafi. Na taso na ce maka, da ƙarfin da har mai shayi na tsallake ya ji, "Kai wane irin mutum ne? Shekara nawa kana shagon nan har yau ba ka san aiki ba? Ganye ne fa, ba amarya ba! Tashi ka ba ni wuri."

Na miƙa hannu zan soke aikin, ka sa tafinka ka rufe maɓallin. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Umma, ɗigon da ke jikin ganyen shi ne furojet ɗin." Ka ƙarasa sha biyun, ka haɗa wa yarinyar aikinta, ka sallami mutum huɗu na bayanta, sannan ka ɗauki hularka ka fita.

Wallahi kana rufe baki na tuna goshin akuyar Malam Tanimu. A take na gane. Amma mutane na kallo, bakina kuma ya riga ya yi nisa, sai na ci gaba da mita har bayan fitarka, ina gaya wa ɗalibai yaran zamani ba sa jin magana. Ni da na sha kunya a gaban mai unguwa saboda wannan kuskuren, ni ce na tsaya ina zagin wanda ya ƙi yin sa. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma har yanzu yana damuna.

Akwai kuma abin da ba ka sani ba, shi ne ya fi nauyi a bakina. Larabar makon jiya, ranar da ka tafi duba shagon da za ka kama, Murja ta dawo. Fuskarta kamar an yi mata albishir da Hajji. Ta ce da ta tsaya gaban malamai, shafukan hotunan nan aka riƙa miƙawa hannu zuwa hannu, wani dattijo a cikinsu har ya cire tabarau ya ce a nan ana iya bambance cuta ta farko da ta biyu ba sai an je gona ba. Ƙawarta da ta yi irin binciken a kan wake, ta buga nata a wani wuri da gaggawa, an ce ta je ta sake, don ganyen lafiya da na cuta duk sun zama abu ɗaya. Sai ta ajiye kwando a kan teburina, ƙwan zabi cike, ta ce, "Hajiya, na Yaya ne, wanda ya buga mini. Ki ce masa na gode, Allah Ya saka."

Na ce, "To, zan gaya masa."

Ban gaya maka ba. Na kawo kwandon gida na tura bayan buhun shinkafa. In na ba ka ƙwan, dole in faɗi daga ina, in na faɗi daga ina, dole in faɗi wa ke da gaskiya. Sai na ga ya fi sauƙi in soya. Ƙwan da ka yi ta ci da burodi kwana huɗu a jere, kana sunkuye, naka ne. Godiyar ma taka ce, na riƙe ta kwana takwas. Babanku shi ya ci kaso mafi yawa, kuma ya san komai, don haka in za ka yi fushi ka raba mana shi biyu.

Abin da ka yi ranar nan, ni shekara ashirin ban yi tunaninsa ba. Ni a wurina aiki ko dai duka diraf ko duka bes, gwargwadon wadda ta cije ni a baya-bayan nan. Kai kuwa ka duba shafi shafi, ka ba kowanne abin da yake buƙata, ka bar mutane suna gunaguni na minti ashirin don kada shekarar yarinya ta lalace. Wannan ba ni na koya maka ba. Ka tafi da shi Sabon Gari, kada wani ya tsorata ka ka bar shi, ko da mai tsawar ta haife ka ne.

Saura magana ɗaya, wadda saboda ita na zauna na buga duk wannan. Abin da nake so in ce maka shi ne

Daga nan biro ne, ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ya manta. Ga abin da ya faru. Da na gama, na kai wasiƙar kan firinta mai kalar, na sa takarda mai kauri, na danna bes. E, na sani. Rubutu ne zalla, kuma ni da kaina na ce maka ba ya buƙata. Amma na ce ba zan ba ɗana wannan maganar da haske-haske ba. Tun bayan la'asar take jan ta, ina zaune ina kallo. Shafin ƙarshe ya fara fita da zane-zane, daidai layin can na sama baƙar tawada ta ƙare ƙaf. Babanku da ya zo raka ni gida ya karɓa ya duba inda ta tsaya, ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce ba tawada ba ce, na'urar ce ta firgita, tun da aka sayo ta ba ta taɓa ganin kalmar da ke biye ta fito daga hannuna ba.

To ga ta da hannun nawa. Kai ne da gaskiya, ni ce na yi kuskure, kuma na ci fuskarka a gaban mutane ba da hakkinka ba. Ka yafe mini.

Firintar na nan, na goge ta, na naɗe mata wayoyinta, na sa rabin fakitin takarda mai kauri a kanta. Baƙar tawada dai sai ka saya a hanya. Makullin shago na rataye inda ka sani. Ba sai ka ce mini komai ba, na san kai ma bakinka da nauyi, a wurina ka gada. In na shiga shago ranar Asabar na tarar da teburin kusa da taga babu komai a kai, na ji amsarka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya buɗa maka kasuwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutum. Allah Ya yi maka albarka duniya da lahira, Ya ba ka 'ya'yan da za su yi haƙuri da kai kamar yadda ka yi da ni. Amin.

Mahaifiyarka,
Hajara.